Tiyatar Kwalliya: Me Ke Kashe Mai Lafiya Bayan An Ce Aiki Ya Yi Kyau?

Labarin kusan iri ɗaya ne duk inda aka ji shi, ko a Legas, ko a Istanbul, ko a Miami. Mace ta shiga asibiti da ƙafarta, ko ciwon kai ba ta yi, don a zuƙe mata kitse, ko a ɗame mata ciki, ko a ƙara mata mazaunai. An fito da ita, ta farfaɗo, har ta yi waya da 'yan gida ta ce a kwantar da hankali. Bayan kwana uku ko mako guda ta yunƙura za ta shiga banɗaki, numfashi ya sarƙe, kafin a kai ta mota rai ya yi halinsa. Daga nan sai magana ta rabu uku. Asibiti ya ce dama tana da wani ciwo a ɓoye. Dangi su ce likita ne ya kashe ta. 'Yan kallo kuma su ce garin neman gira ta rasa ido, su kama gabansu.

Shin da gaske akwai ciwon da ke laɓewa a jikin mai lafiya har sai wuƙar likita ta tashe shi? In akwai, ya isa ya wanke likitan? Akwai shi, babu tantama. Sai dai mafi yawan abin da ake kira ciwon ɓoye, in aka bi diddigi, za a tarar ko ba a tambaya ba, ko an tambaya ba a faɗa ba.

Yadda jini ke daskarewa inda bai kamata ba

Daskarewar jini ni'ima ce. Ba don ita ba, da yankan reza ma ya isa ya kai mutum kushewa. Fitinar tana farawa ne idan jinin ya dunƙule a cikin jijiya mai zurfi, inda babu wani rauni a waje da ake buƙatar toshewa. Likitoci suna taƙaita sunan wannan da DVT, kuma galibi a ƙafa yake samuwa: sharaɓa, bayan gwiwa, cinya, ko can cikin ƙugu.

Me ya sa ƙafa? Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau sama kafin ya koma zuciya, kuma zuciya ba ta da hannun da za ta miƙa ta janyo shi. Naman sharaɓa ne ke yin aikin. Duk takun da mutum ya yi, naman yana matse jijiyoyin ya tura jinin sama. Idan aka kwanta awanni ba motsi, jinin sai ya zama kamar ruwan kwata da ya rasa gangara.

A tsakiyar ƙarni na 19 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya nuna cewa gudan jinin da ake tararwa a huhun mamaci daga wani wuri ya taso, yawanci daga ƙafa. Hanyarsa a miƙe take: gudan ya ɓalle, ya bi babbar jijiyar da ke ratsa ciki, ya faɗa ɓangaren dama na zuciya, zuciya ta harba shi huhu, ya maƙale inda hanya ta ƙuntata. Ƙarami zai sa haki da ciwon ƙirji. Babba yana iya tsayar da komai cikin mintuna. Har yau abubuwa uku da ke haddasa gudan jini da sunan Virchow ake kiransu: jini ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ita aka ware a duniya don wayar da kai a kan wannan ciwo.

Abin tsoron shi ne shirunsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan rabin masu gudan jini a ƙafa ba sa jin wata alama, kuma cikin kowane mutum 4 da gudan ya kai musu huhu, ɗaya mutuwar fuju'a ce alamarsa ta farko.

Inda tiyatar kwalliya ta shigo

Kowace babbar tiyata tana tara abubuwan nan uku a lokaci guda. Allurar barci ta kwantar da naman ƙafa, wuƙa ta yanka jijiyoyi, jiki kuma ya ɗauka an kawo masa hari sai ya ƙara kaurin jini don kare kansa. Wani babban bincike na masana a Jami'ar Oxford da aka wallafa a 2009, wanda ya bibiyi mata masu matsakaitan shekaru kusan 950,000 a Birtaniya, ya gano cewa a makonni 6 na farko bayan tiyatar da aka kwantar da mace, yiwuwar a sake kwantar da ita saboda gudan jini ta ninka kusan sau 70 a kan wadda ba a yi wa tiyata ba. Wadda aka yi wa aka sallama a ranar ma, ta ninka sau 10. Haɗarin bai gama sauka ba har mako na 12. Binciken ya shafi tiyata iri-iri ne, amma jijiya ba ta san dalilin da ya sa aka yanka ta ba. Kalmar "kwalliya" ce ke yaudarar mutane, har su ɗauka abin ɗan uwan kitso da lalle ne.

A cikin ayyukan kwalliya, ɗame ciki ya fi kowanne yawan jawo gudan jini, kuma dalilin a fili yake. Likita yana yanke fatar da ta saki, ya ɗinke naman ciki ya tsuke shi. Cikin da aka tsuke yana danne manyan jijiyoyin da ke ɗauko jini daga ƙafafu. A kan wannan a ɗaura ɗamara mai matsewa, a kwantar da mace a lanƙwashe don kada ɗinki ya buɗe, ga zafin da ke hana ta sauka daga gado. Duk ƙofar da jini zai bi an rage mata faɗi.

Sai kuma haɗa aiki. Tunda an biya kuɗin ɗakin tiyata da na mai ba da allurar barci, sai a ce a yi komai a zama ɗaya: ciki, ƙirji, zuƙe kitse, mazaunai. A aljihu hakan ya fi sauƙi. A jijiya kuwa, aikin awa 2 ya koma na awa 6, kuma kowace awa da aka ƙara tana ƙara haɗari.

A watan Janairun 2024 CDC ta fitar da rahoto kan Amurkawa 93 da suka mutu bayan tiyatar kwalliya a Jamhuriyar Dominika tsakanin 2009 da 2022. A cikin gawarwaki 20 da aka samu sakamakon bincikensu daga shekarun 2019 da 2020, an tarar 7 gudan jini ne ya toshe musu huhu, 11 kuma kitse ne. Abubuwa biyu suka yi ta maimaituwa a takardun mamatan: ƙiba, da haɗa ayyuka da yawa a zama ɗaya.

Kitse daban, gudan jini daban

Waɗannan 11 ɗin suna buƙatar bayani, domin a nan ne ake yawan cakuɗa magana. A aikin ƙarin mazaunai da aka fi sani da BBL, kitsen mace ake zuƙowa daga ciki ko baya, a tace shi, a ɗura mata a mazaunai da dogon bututun ƙarfe. A ƙarƙashin naman mazaunai akwai manyan jijiyoyi masu faɗi da siririn bango, waɗanda ke zubawa kusan kai tsaye cikin hanyar zuciya. Idan bututun ya nutsa cikin nama ya yaga ɗaya daga cikinsu, kitsen da ake turawa da ƙarfi sai ya shige jijiya ya tafi huhu. Wannan ba ya jiran mako. Sau da yawa a kan gadon tiyata yake kashewa, ko cikin 'yan awanni. Maganin tsinka jini kuma ba ya narkar da kitse.

A 2017 wani kwamitin likitocin tiyatar kwalliya a Amurka ya ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3,000 da aka yi wa wannan aiki yana mutuwa, adadin da ya zarce na kowace tiyatar kwalliya. Shekara guda bayan haka manyan ƙungiyoyin likitocin suka yi kira da a daina ɗura kitse cikin nama, a tsaya a ƙarƙashin fata. Ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta Birtaniya ma a 2018 cewa ta yi mambobinta su dakatar da aikin gaba ɗaya, ba ta sassauta ba sai 2022, bisa sharaɗin a tsaya a sama-sama kuma a riƙa kallon bakin bututun da na'urar hoton ciki yayin aiki. Jihar Florida ta haramta ɗurawa cikin nama a 2019, daga baya ta wajabta amfani da na'urar.

Amfanin rarrabewar shi ne: idan mace ta mutu a kan gado yayin ƙarin mazaunai aka ce "ciwon ɓoye", akwai dalilin ɗaga gira. Kitse a huhu magana ce ta inda hannun likita ya kai bututu, ba ta abin da mace ta gada daga iyayenta ba.

Ciwon da ke ɓoye da gaske

Akwai mutanen da aka haifa jininsu yana da saurin daskarewa, kuma za su iya kai shekara 40 ba su sani ba, sai ranar da ciki, ko doguwar tafiya, ko tiyata ta tona. Wanda littattafan likitanci suka fi ambata shi ne wani canji a ƙwayar halitta da aka gano a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1994, wanda kusan Bature 5 cikin 100 ke ɗauke da shi. A Afirka da wuya a same shi. Don haka baƙar fatar da aka yi wa wannan gwajin a wani asibitin Turai aka ce ba ta da shi, kada ta ɗauka an wanke ta.

Namu abin ya fi kusa da gida. Mai sikila, wato SS ko SC, jininsa kullum a shirye yake ya dunƙule, kuma allurar barci, da sanyin ɗakin tiyata, da ƙarancin ruwa a jiki duk suna iya tayar masa da ciwo. Wannan sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mai AS, wanda kusan ɗan Najeriya 1 cikin 4 ke ɗauke da shi. Mun saba ɗaukarsa a matsayin maganar aure kawai, a gwada kafin a sa rana. Binciken da aka yi a kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna mai AS yana da kusan ninki biyu na haɗarin gudan jini a huhu. Wannan bai hana shi tiyata ba, amma dole likita da mai ba da allurar barci su sani.

Akwai kuma wani ciwon garkuwar jiki da ke sa jini daskarewa, wanda babbar alamarsa a mace ita ce ɓari a kai a kai, ko ɗa ya mutu a ciki babu dalili. A gida sau da yawa iska ko sammu ake ɗora wa, a yi ta rubutu da hayaƙi. Macen da ta yi ɓari uku a jere, in ta zauna gaban likitan kwalliya ba za ta ga abin da ya haɗa wannan da ɗame ciki ba, don haka ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta. Haka ciwon ƙoda mai zubar da sinadarin gina jiki a fitsari, da cutar ƙanjamau, da ciwon daji da bai bayyana ba, duk suna kaurara jini.

Tarihin dangi shi ne gwajin da ya fi kowanne araha, kuma a nan muke da giɓi. Mu mutane ne da ke binne mamaci kafin rana ta faɗi, ba kasafai ake buɗe gawa a duba ba. Gwaggon da ta rasu tana jego bayan ƙafarta ta kumbura, yayan da ya dawo daga doguwar tafiya ya yanke jiki ya faɗi, abin da ya rage a bakin dangi shi ne "kwana ne ya ƙare". Gaskiya ne kwana ya ƙare, amma sababin bai shiga tarihin gida ba. Idan likita ya tambaya "akwai mai gudan jini a danginku?" amsar za ta zama babu. Likitan da ya san mutanensa zai sake tambayar da wata siga: akwai wanda ya mutu farat ɗaya yana da ƙuruciya? Akwai wadda ta rasu a cikin arba'in?

Sauran kuwa tsofaffin abokan zama ne da ba sa sallama: hawan jini, ciwon suga, toshewar jijiyoyin zuciya, ƙarancin jini ga mace mai yawan zubar al'ada, da minsharin da ke ɗauke numfashi cikin barci, wanda magungunan kashe zafi masu ƙarfi ke iya mayarwa ajali a daren farko. Duk waɗannan awon hawan jini, gwajin jini, awon bugun zuciya da 'yan tambayoyi suna tona su.

Wanda ake ɓoyewa da gangan

Wannan ɓangaren ya fi ɗaci, don laifin ba na likita kaɗai ba ne. Wadda ta tara kuɗi shekara biyu, ta sayi tikiti, ta ɗauki hutu, ba ta son jin "a'a". Sai ta rage shekaru, ta musanta shisha, ta manta da ƙwaya.

Ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗin sinadarai biyu tana ninka haɗarin gudan jini kusan sau 3 ko da babu tiyata. Shi ya sa ƙa'idar likitoci a Birtaniya ta ce a dakatar da ita mako 4 kafin babbar tiyatar da aka tsara, a koma wata hanyar. Robar hannu da wadda ake sawa a mahaifa ba su da wannan matsalar. Jego ma haka: makonni 6 na farko bayan haihuwa su ne lokacin da jinin mace ya fi kowane lokaci saurin daskarewa, hikimar da ke hana ta zubar da jini har ta mutu. Gaggawar ɗame ciki kafin jiki ya koma daidai, tara haɗari ne a kan haɗari.

Sai ƙwayoyin ƙiba irin su "sha ka fashe", waɗanda galibi akwai maganin rage kumburi mai suna dexamethasone a cikinsu, da man bilicin mai irin wannan sinadarin. Wadda ta daɗe a kansu, jikinta yana iya daina samar da sinadarin da ke riƙe bugun jini a lokacin wahala, don ya saba ana kawo masa daga waje. A tsakiyar tiyata jini zai iya faɗi warwas mai ba da allurar barci yana neman dalili. Ga suga da suke tayarwa, ga fata da suke sirantawa har ɗinki ya ƙi kamawa. Allurar rage ƙiba irin su Ozempic kuma tana jinkirta fitar abinci daga tumbi, ta yadda wadda ta kwana ba ta ci komai ba za ta iya yin amai cikin barci ya koma mata huhu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mace ke lissafawa a "magungunan da kike sha", domin ba likita ne ya rubuta mata ba.

To, laifin wa?

Mutuwa biyu da duniya ta sani sun nuna ɓangarorin biyu.

Donda West, malamar jami'a kuma mahaifiyar mawaƙin Amurka Kanye West, ta rasu ranar 10 ga Nuwamban 2007 tana da shekara 58, kwana ɗaya bayan an yi mata zuƙe kitse, ɗame ciki da rage ƙirji. Binciken gawa ya nuna tana da ciwon jijiyoyin zuciya, haɗe da matsalolin da suka biyo bayan tiyata. Ga ciwon ɓoye na gaske. Amma jihar California ba ta ce ƙaddara ta rufe littafi ba. A 2009 ta yi doka da sunanta, wadda ta wajabta a duba lafiyar mutum cikin kwana 30 kafin tiyatar kwalliya, kuma a ba da izini a rubuce. Ma'anar dokar ita ce ɓuyar ciwo ba uzuri ba ce ga wanda bai nema ba.

Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 a Marbella ta ƙasar Sifaniya bayan an zuƙe mata kitse. A nan babu batun ciwon ɓoye. Kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci a 2009, ta yanke masa shekara guda tare da hana shi aiki na shekara 3, bayan an tabbatar bututun ya huda ciki ya raunata hanji kuma aka yi jinkirin ɗaukar mataki. Kuɗi da muƙami ba su hana ba.

Likitocin wannan fanni suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Ƙungiyarsu ta duniya ta ƙirga tiyatar kwalliya kusan miliyan 15.8 a shekarar 2023 kaɗai, kuma mafi rinjaye sun tashi lafiya. Gudan jini yana iya zuwa ko an bi kowace ƙa'ida. Yi wa kowa gwajin ƙwayoyin halitta masu tsada ba ya cikin abin da ake ba da shawara, domin mafi yawansu ba za a samu komai ba. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ake nema a wurinsu bai kai nan ba.

Wani likitan Amurka, Joseph Caprini, ya tsara takardar tambayoyi ta auna haɗarin gudan jini, da ake ba kowace amsa maki, kuma fasalinta na 2005 shi ne aka fi amfani da shi. Ɗauki mace mai shekara 42: maki 1. Tana da ƙiba: 1. Tana shan ƙwayar tazara: 1. Aikin zai wuce minti 45: 2. Mahaifiyarta ta taɓa samun gudan jini: 3. Maki 8 ke nan, kuma ita a ganinta lafiyarta ƙalau. Wani bincike a asibitocin Amurka kan masu tiyatar gyaran jiki ya nuna waɗanda makinsu ya haura 8, fiye da 1 cikin 10 sun samu gudan jini cikin kwana 60 in ba a ba su maganin kariya ba. Cike takardar ba ya cin minti 10. A ganina, asibitin da ya karɓi kuɗi ta waya, ya sa rana bayan ganin hoto, bai taɓa zaunar da mace ya yi mata waɗannan tambayoyi ba, ya rasa bakin cewa ciwonta ya ɓuya masa.

Ta fuskar addini ma maganar ta zo nan ta tsaya. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Putrajaya ta Malesiya, ta halatta tiyatar gyara lahani, kamar ƙuna, leɓe mai tsagu ko abin da haɗari ya ɓata, ta hana wadda son rai ne kawai na sauya halittar da ba ta da aibi. Cikin sharuɗɗan da ta gindaya ga wadda aka halatta akwai cewa likita ya zama ƙwararre, kuma ya bayyana wa mutum haɗarin da ke tattare da aikin. Wannan ya shafi har wanda larura ta kai, domin gudan jini ba ya bambanta mai rage ƙirji saboda ciwon baya da mai neman ado. Maza ma ba su fita ba, masu zuwa a zuƙe musu tumbi suna ƙaruwa.

Jirgi

Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta ce 'yan ƙasar fiye da 25 sun mutu a Turkiyya bayan ayyukan asibiti tun daga Janairun 2019. Wannan ba ya nufin babu ƙwararru a can, akwai su da yawa. Matsalar tsarin cinikin ce: aiki, otal na 'yan kwanaki, tikitin dawowa, duk a kuɗi ɗaya. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna zaman awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin gudan jini sau 2 ga kowa ma. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar a jira kwana 5 zuwa 7 kafin hawa jirgi bayan zuƙe kitse ko aikin ƙirji, 7 zuwa 10 bayan ɗame ciki. Daga Istanbul zuwa Abuja ko Legas zaman awa 6 zuwa 7 ne, a takure, da ɗamara a ciki, ana ƙin shan ruwa don gudun zuwa banɗaki. In an sauka kuma, likitan da ya yi aikin ya zama lambar waya.

Kariya, da cinikin da ke cikinta

Abin da ke hana gudan jini ba asiri ba ne. Safa mai matse ƙafa, da wata na'ura da ake naɗawa a sharaɓa tana hurawa tana saki tun kafin a sa mutum barci. Taƙaita lokacin aiki, a raba shi zama biyu in ya yi yawa. Ƙungiyar likitocin tiyatar gyaran jiki ta Amurka tana ganin duk zuƙar da ta wuce lita 5 babban aiki ne da ke buƙatar a kwana ana sa ido. Sannan tafiya: a tashi a taka tun ranar farko, ko da ana cije baki. Masu jinyar da ke cewa "kwanta ki huta, kada ki motsa" da kyakkyawar niyya suke yi, amma gudan jini suke yi wa shimfiɗa.

Ga mai yawan maki ana ƙara allurar tsinka jini, galibi enoxaparin da aka fi sani da Clexane, na kwanaki ko makonni. A nan ne likitoci ke da saɓani na gaskiya, domin abin da ke hana daskarewa shi ke ƙara zubar jini, kuma jinin da ya taru a ƙarƙashin fatar da aka ɗaga yana iya mayar da mutum ɗakin tiyata. Wasu suna ba kusan duk mai ɗame ciki, wasu sai maki ya hau. Amma likitan da aka tambaya "mene ne shirinka a kan gudan jini?" ya amsa da "in sha Allahu babu komai" ya tsaya nan, bai amsa ba. Ƙarin bayani ga wanda abin ya dama: daga hanjin alade ake haɗa enoxaparin. A yi maganar tun kafin tiyata, akwai fondaparinux da ake haɗawa ba daga dabba ba. Abin da bai kamata ba shi ne a karɓi allurar a kai gida a ajiye cikin durowa.

A Najeriya ana iya tabbatar da rajistar likita a hukumar MDCN, kuma ƙwararrun wannan fanni suna da ƙungiyarsu, NAPRAS. Digirin likitanci kaɗai ba ya mayar da mutum likitan tiyatar gyaran jiki, haka yawan mabiya a Instagram.

Idan an riga an yi

Har mako 12 a sa ido. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar uwarta, sharaɓa ta yi tauri ko ɗumi, tana ciwo kamar jijiya ta riƙe amma ba ta saki. Wannan ba wurin tausa ba ne, ba wurin gashi da ruwan zafi ba, matsawa tana iya ɓalle gudan. Haki ba gaira ba dalili, ciwon ƙirji da ke ƙaruwa in an ja numfashi, zuciya na dukan uku-uku, tari da jini, jiri ko suma: asibiti, a wannan sa'ar, kuma babba mai na'urar hoton jijiyoyin ƙafa da ta hoton ƙirji.

Kunya ce ke cin mutane a wannan gaɓar. Da yawa sun yi aikin ne ba da sanin miji ko iyaye ba, sai su isa asibiti su ce ƙirji ke ciwo, su yi shiru a kan sauran. Likitan da ya ga matashiya da haki da ɗan zazzaɓi, bai san an yanka ta kwana 9 da suka wuce ba, zai fara da abin da ya saba gani: maleriya, sanyin haƙarƙari, gyambon ciki. A rubuta magani a ce ta dawo jibi. Gudan jinin da aka gano da wuri ana maganinsa, mafi yawan waɗanda aka fara wa allura a kan lokaci suna tashi. In ana jin nauyin 'yan rakiya, a ce su ɗan ba da wuri, likita yana da haƙƙin riƙe sirri. Kafin a auna komai, jimlar farko da ya kamata ya ji ita ce: an yi mini tiyata ranar kaza, a wuri kaza, kuma na hau jirgi bayanta.